Turdiali Mai Haƙora da Dodanninsa

Mijin yayata, Turdiali, haƙoran roba yake ƙerawa. Shekara ashirin da tara ya yi a wani ɗan ɗaki da ke bayan asibitin haƙori na unguwarmu a Margilan, yana zaune gaban fitila da kakin zuma da 'yan wuƙaƙe, likitoci na aiko masa da gwajin bakunan mutane, shi kuma yana cike musu giɓi. Rabin tsofaffin garin da haƙoransa suka ci naman bikin jikokinsu. Amma yau in ka shiga unguwar ka ce Turdiali mai haƙora, sai an ɗan yi tunani. Ka ce Turdiali mai dodanni, nan take za a nuna maka ƙofar gidan.

Ni ne Mamasoli, ƙanin matarsa Ibodat. Bas na tuƙa har na yi ritaya. Pocca nake ce masa, kamar yadda kowa ke kiran mijin yayarsa, kuma tun ranar da aka kai opa Ibodat (opa muke ce wa yaya mace) gidansa na mayar da tsokanarsa sana'a. Mutum ne siriri, marar magana, komai nasa a hankali. In yana ɓare rumman, sai ka shanye shayinka ka sake zuba wani bai kai rabi ba. Yayata kuwa wuta ce. A masaƙar siliki take aiki, ƙarar injuna ta saba mata da ɗaga murya, ko gaisuwa take yi sai maƙwabta sun ji.

"Pocca," nakan ce masa, "ka auri rediyo, ba ka tambayi inda ake rage murya ba."

Sai ya yi murmushi ya ce, "Bar ta. Shiruna ya ishe mu mu biyu."

'Ya ɗaya Allah ya ba su, Mastura, kuma bakin uwarta ta ɗauko. Tana shekara huɗu, a ƙarshen sanyin 1968, sanƙarau ya kama ta. Kwana goma sha tara ta yi a asibiti. Ta tashi, amma ba ta ƙara jin komai ba. Da farko tana magana kamar da, sai dai kalmomin suka riƙa zube mata ɗaya bayan ɗaya, kafin shekara ta zagayo sai ɗan gunji kawai. Yarinya mai fara'a ta koma mai fushi. Ta fasa kwanuka, ta ciji 'ya'yan maƙwabta. Opa takan kafa baki a kunnenta ta kwarma sunanta, in ta ga ko gezau, sai ta zagaya bayan tanderu ta yi kukanta.

Ni ne na kawo shawarar a kai ta silima, wai ko za ta saki ranta. Ana nuna wani fim na yara mai ban dariya, amma duk dariyar a maganar take. Zaure ya fashe da dariya, Mastura ta waiga ta dubi fuskokin mutane, ta dubi allo, ta sake waigowa. Sau uku tana haka. A na huɗu ta cire takalminta ta jefi allon. Muka fito da ita tana shure-shure, muka koma gida.

Bayan wannan da 'yan makonni, ranar da opa ke aikin safe kuma babu mai riƙe yarinyar, Turdiali ya tafi da ita wurin aiki. Akwai wasu haƙora a kan teburinsa da mai su ya rasu kafin ya zo karɓa. Don ya hana ta taɓa wuƙaƙe, sai ya mulmula kakin zuma ya yi musu idanu biyu, ya riƙa tura su a kan tebur suna buɗe baki suna rufewa, har suka isa ga gurasar da ya zo da ita suka gatsa. Da yamma ya zo har tashar bas ya same ni, abin da bai taɓa yi ba.

"Mamasoli, ta yi dariya."

"Wa?"

"Mastura. Muryar ta canja, amma dariyar nan tata ce, tana nan."

A kwanakin ne wani tsohon injiniya ɗan ƙabilar Tatar, Gabdulla-aka, wanda Turdiali ya yi wa haƙora sama da ƙasa, ke shirin komawa Kazan wurin ɗansa. Yana da 'yar kyamarar fim irin wadda ake wanawa da hannu kamar agogo, wadda mutane ke ɗaukar biki da yawon buɗe ido da ita, da kuma na'urar majiginta. Ya ce nauyi za su yi masa a jirgi, ya bar wa Turdiali. Da yake nuna masa yadda take aiki, ya taɓa wani ɗan maɓalli a gefe ya ce, "Wannan hoto ɗaya tak yake ɗauka. Ka ajiye abu ka danna, ka matsar da shi kaɗan ka sake dannawa. In ka yi sha shida, ka sami daƙiƙa ɗaya, kuma abin zai yi tafiya da kansa. Na masu haƙuri ne. Ni ban taɓa gwadawa ba."

Turdiali ya kwashe albasa daga ɗakin ajiya, ya toshe tagar da bargo, ya kafa kyamarar a kan tebur da ƙusa da igiya don kada ta motsa. Dodonsa na farko bai wuce tsawon butar shayi ba: ƙashinsa waya, namansa ulun tumaki, fuskarsa kakin zuma, haƙoransa kuwa na gaske irin na asibiti. Wata Lahadi na leƙa na same shi a durƙushe. Ya taɓa dodon da tsinke, ya ja da baya, ya danna. Ya sake taɓawa, ya sake dannawa. Ni dai ban ga abin da ya motsa ba.

"Pocca, me ake ciki?"

"Hannu yake ɗagawa."

"Tun yaushe?"

"Tun bayan karin kumallo."

"To, in ya gama ɗagawa ka ce ina gaishe shi."

Lahadi uku ya ci kafin ya sami daƙiƙa ashirin. Ya wanke fim ɗin da kansa a wani ɗan tulu baƙi, da magungunan da Gabdulla-aka ya rubuta masa sunayensu. Da ya zaro shi, baƙi ƙirin ne daga farko har ƙarshe, ya kuskure wajen haɗa maganin. Opa ta ce, "Madalla, baban Mastura, sai a mayar mini da albasata." Ya rataye baƙin fim ɗin a ƙusa, ya sake wasu Lahadi uku.

Na biyun ya fito. Muka rataye farin mayafin cin abinci a bango, muka rufe tagogi da rana tsaka, na'ura ta fara ƙara. Sai ga dodo ya leƙo daga bayan butar shayi. Ya shinshina gurasa, ya waiga hagu da dama kamar ɓarawo, ya gatsa, sai ya riƙe kumatu yana tsalle: haƙori ya motsa. Shi ke nan, daƙiƙa ashirin. Mastura ta miƙe ta je ta ɗaga mayafin ta leƙa bayansa. Ta dawo ta dubi ubanta, ta juya yatsa a iska: a sake. Sau goma sha ɗaya aka sake, sai da ƙwan na'urar ya yi zafi har ana jin ƙauri.

Fim ɗin ba shi da murya, ko ɗaya daga cikin finafinansa ba a taɓa sa wa murya ba. A ɗakin nan ranar, babu wanda ya fi Mastura sanin abin da ke faruwa, kuma ta gane haka.

Daga nan ita ce ta zama mai ba da labari. Takan zana abin da take so a bayan takardun asibiti: dodo ya haɗiye jirgin ƙasa, dodo ya zauna a kan gidan yaran da suka ƙi wasa da ita. Turdiali yakan bi zanen da gaskiya, ya gina gidaje da kwalin ashana, ya yi bishiyoyin tut, masu ciyar da tsutsar siliki, da tsintsiya, amma ko ta yaya aka fara, dodanninsa sukan ƙare abin tausayi. Wanda ya haɗiye jirgi sai shaƙuwa ta kama shi. Wanda ya zauna a kan gida sai hayaƙin murhu ya ƙona masa gindi. Mastura takan buga ƙafa a ƙasa ta nuna masa zanenta, shi kuma ya ɗaga kafaɗa, wai shi ma ba laifinsa ba ne, haka dodon ya ga dama.

Opa kuwa bakinta bai huta ba, hannunta ma bai huta ba. Ita ke ɗinka wa dodannin fata da ƙyallayen siliki tana mita. Wata rana ta buɗe akwatin kayan aurenta ta tarar an yanke gefen gashin ɗan rago da ke wuyan rigar sanyinta.

"Baban Mastura! Ina wuyan rigata?"

"Ɗan kaɗan na ɗiba, daga ta baya. Ba a gani."

"Ba a gani? Rigar da babata ta tara mini? Me ka yi da shi?"

"Gira," in ji shi a hankali. "Ulu ba ya yin gira."

Kwana biyu ba ta zuba masa shayi ba. A na uku ta shiga ɗakin ajiya, ta dubi girar ta ce ya manna ta a karkace, ta ɓalle ta gyara da kanta.

A lokacin zafi ba ya aiki. Ya gwada sau ɗaya a watan Yuli, fitilu biyu a kan dodo, tagogi a toshe. Ya fita cin abincin rana, kafin ya dawo fuskar ta narke ta zubo a ƙirji, haƙora kaɗai suka rage suna masa murmushi. Tun daga ranar nan, sanyi ya zama lokacin fim.

Da Mastura ta cika shekara bakwai aka kai ta makarantar kwana ta kurame, tafiyar awa biyu a jirgin ƙasa. Can ta koyi karatu da rubutu da maganar hannu, ta dawo ta koya wa iyayenta, ni ma na tsinci kaɗan. Turdiali yakan fara sabon fim da zarar an gama tsinkar auduga, ya yi ta fama don ya gama kafin hutun sanyi. A shekara ta biyu malamarta ta roƙe shi ya zo ya nuna wa sauran yaran. Ni na raka shi, ina ɗauke da na'ura. Yara sittin a zauren cin abinci. Da dodo ya fito, ba tafi suka yi ba, ƙafa suka riƙa bugawa a daɓen katako har kofuna na rawa a kan tebur, hannaye na ta tashi sama kowa na gaya wa na kusa da shi abin da zai faru. Mastura na zaune a gaba ta harɗe hannu kamar mai gidan silima. Turdiali ya tsaya bayan na'ura yana share gumi, a tsakiyar watan Janairu. Shekara tara yana zuwa makarantar nan duk sanyi.

Abin da ya jawo masa suna a gari, ya kuma jawo masa wahala, a 1976 ya faru. Aka sanar da gasar masu fim na sha'awa a birnin Fargana, abokan aikinsa suka matsa masa ya kai nasa. Fim ɗin shekarar minti huɗu ne: wani dodo ya sauko daga dutse ya zauna a kan rufin kasuwa, ya ce kowa ya kawo masa kankana, har wata tsohuwa ta hau tsani da filaya ta cire masa haƙori, ya tafi yana kuka. Asibiti ta ba da bas, ni na tuƙa, ma'aikata kusan ashirin suka bi mu, har da babban likita Kambarov, mutum mai ƙiba da son girma, wanda ba a zama sai ya zauna.

Kambarov yana da manyan haƙoran gaba biyu masu wushirya, da na zinariya ɗaya ta hagu. Turdiali ne ya gyara masa su shekarar da ta wuce, gwajin bakin yana nan a kan kanta. Da ya zo yi wa dodon kasuwa baki, sai ya duba gwaje-gwajen da ke gabansa ya zaɓi wanda ya fi dacewa, ya yi ƙaraminsa. Na rantse ba da mugunta ya yi ba, mutumin bai san mugunta ba. Ko a fim marar launi, haƙorin hagun nan sai ƙyalli yake. Da dodon ya cika allo ya wage baki, wata nas ta dafe ƙirji ta ce da ƙarfi, "Wayyo, ai babban likita ne!"

Layinmu ya fashe da dariya, sauran zauren suka kama ba su ma san dalili ba. Kambarov ya tashi ya fita, bakinsa a rufe gam.

Alƙalan gasar suka kira Turdiali gaba. Shugabansu, wani mai tabarau, ya ce, "Ɗan'uwa Turdiali, aikin hannu ya yi kyau. Amma dodon nan wa yake wakilta? 'Yan jari-hujja? Tsofaffin masu gonaki?"

"Dodo ne," in ji Turdiali.

"Mun ga dodo ne. Me yake nufi?"

Turdiali ya yi tunani sosai, don ba ya son ya faɗi abin da ba daidai ba. "Kankana yake so."

Ba a ba shi komai ba. Bayan mako guda aka kira taron ma'aikata a asibiti, aka tuhume shi da ɗibar kayan gwamnati yana wasan yara da su. Ya zo da wani gwangwani cike da ɓarɓashin robar da yake sharewa daga ƙasa bayan an tashi aiki, ya ajiye a gaban Kambarov ya ce, "Da wannan nake yi. In ana so, ga shi." Duk da haka aka sauke hotonsa daga allon gwanayen ma'aikata. Wannan bai dame shi ba. Abin da ya dame shi, an cire sunansa daga jerin waɗanda za a tura hutu bakin teku, jerin da ya shekara huɗu yana jira don ya kai Mastura ta ga teku. Opa ta ɗaura ɗankwali za ta je ta sami Kambarov har ofis, sai da ni da shi muka tare ƙofa.

"Ku matsa! In ban ƙara masa wushirya ba ku canja mini suna!"

"Uwar Mastura," in ji shi, "in kika fasa masa haƙori, ni zan gyara. Ki tausaya mini."

Bayan wata takwas, ana saura mako guda bikin ɗansa, Kambarov ya gatsa ƙwallon ɗan itacen abirkot, haƙoran gaban suka tsage. Akwai wasu masu ƙira biyu a asibitin, amma ɗakin baya ya nufo, ya rufo ƙofa, yana magana hannu a baki. Turdiali ya zaunar da shi, ya gama aikin cikin kwana uku. Ranar da ya sa masa, Kambarov ya daɗe yana duba madubi, sannan ya ce, "Fim ɗin nan yana nan?"

"Yana nan."

"Ban ga ƙarshensa ba."

Ya zo gidan ranar Lahadi shi kaɗai, ya zauna a kan shimfiɗa ya kalla tun daga farko. Da tsohuwa ta cire haƙorin, kafaɗunsa suka fara rawa. Da aka buɗe taga ya share ido ya ce, "Kunnuwan dai ba nawa ba ne." Ya ci palof ɗin opa, dafa-dukan shinkafa da nama, faranti biyu, ita kuwa tana dangwara masa cokali. Hoton Turdiali ya koma allo. Sunansa bai koma jerin teku ba, kuma bai tambaya ba.

Mastura ta girma ta zama tela a wani kamfanin ɗinki. A 1984 wani saurayi kurma mai gyaran agogo, Davron, ɗan Tashkent, ya nemi aurenta, ita ma tana son sa. Turdiali ya shiga ɗakin ajiya tun kaka, yana shirya fim na musamman da za a nuna ranar biki. Ina gidan ranar da ta shiga ta same shi. Ta dafa kafaɗarsa ya juyo, ta yi masa magana da hannu a hankali, yadda ko ni na gane.

"Baba, kada ka nuna a bikina. Dangin Davron ba su san mu ba, za su yi mana dariya. Na girma. Tun ina shekara goma sha biyu don kai nake kallo."

Ba da zafi ta faɗa ba, har ta sumbaci goshinsa. Ya gyaɗa kai, ya kashe fitilun, ya lulluɓe dodon da tawul. An yi biki lafiya, ya yi rawa kamar kowane uban amarya. Amma wata uku bai taka ɗakin ajiya ba. Yakan dawo daga aiki ya zauna a ƙarƙashin rumfar inabi yana kallon bango. Opa ta aiko mini da saƙo.

"Ka zo ka tsokane shi," in ji ta. "A da shirunsa na mutum ne, yanzu na kabari ne."

Ban sami zuwa ba sai bayan kwana goma. Da na shiga, tsakar gida ba kowa, amma tagar ɗakin ajiya a toshe take da bargo. Na tura ƙofa. Yana durƙushe da tsinkensa.

"Pocca, yarinya ta tafi. Wa kake yi wa kuma?"

Ya danna maɓalli tukuna, sannan ya zauna a kan dugadugansa. "Ni ma abin da na yi ta tambayar kaina ke nan. Shekara goma sha biyar ina cewa don ita nake yi. Da farko gaskiya ne. Daga baya ban san ranar da ya daina zama gaskiya ba, kuma ita ta riga ni sani." Ya dubi dodon. "Ka ga, Mamasoli, ni na lanƙwasa wayar nan, ni na cusa ulun. Na san babu komai a ciki. Amma in na wanke fim na kunna, na ga yana numfashi, har yau sai gabana ya faɗi. To, in ce don wa? Don ni ne. Kunya ce ta hana ni faɗa."

"Tsoho da kai," na ce, "da furfura."

"Ka matsa, kana tare mini haske."

Ya ci gaba, fim ɗaya duk shekara biyu, yana nuna wa duk wanda ya zo shan shayi. Sai ƙasa ta juya, babbar tarayyar da muke ƙarƙashinta ta watse, shagunan da ke sayar da fim suka koma sayar da taliya da sabulu. Ya yi ritaya a 1993. Na taɓa samo masa naɗi uku a kasuwar tsofaffin kaya a Tashkent, waɗanda wa'adinsu ya wuce da shekara shida. Ya karɓe su da hannu biyu ya adana a wuri mai sanyi, yana cewa sai ya sami labarin da ya cancanta.

Kafin ya samu, a 1996, shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Ya tashi, yana tafiya da sanda, amma hannun dama ya daina yi masa biyayya, harshensa ma ya yi nauyi. Mun ɗauka an gama. Wata ranar sanyi na zo da rana na jiyo muryar opa daga ɗakin ajiya. Na leƙa. Yana zaune a kujera, yatsansa na hagu a kan maɓalli, ita kuma tana durƙushe a gaban tebur da tabarau a hanci, tsinke a hannu.

"Kaɗan na ce, uwar Mastura. Kaɗan."

"Ai kaɗan ɗin ne!"

"Wannan tsalle ne."

"Shekarata sittin, gwiwata na ciwo, ina rarrafe gaban ɗan tsana! Wallahi in maƙwabta suka gani na shiga uku. To, haka?"

"Mayar da rabi."

Sanyi biyu suka ci a kan minti uku. Magungunan wankin ma sun tsufa, ita ta haɗa yana faɗa mata awo. Fim ɗin ya fito toka-toka kamar an ɗauka cikin hazo, dodon kuwa ba ya tafiya a hankali kamar na da, zabura yake yi, yana fizge-fizge, yana juya kai kamar mai neman wanda zai yi wa faɗa. Mu uku muka kalla. Turdiali ya yi dariya har da tari, ya nuna allo da sanda ya ce, "Wannan halinki ya ɗauko."

Ya rasu a kakar 1999, ana tsakiyar tsinkar auduga, bayan ya sha shayin safe.

Da aka yi sadakar arba'in, Mastura ta ce a buɗe gwangwanayen finafinan. Goma sha huɗu ne. Biyar sun lalace, sun manne da juna suna warin tsami. Ƙwan na'urar majigi ya ƙone tun bara, kuma babu inda ake samun irinsa. Sai ta zauna a bakin taga tana warware su ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaga zaren fim ɗin ga hasken rana, tana bin 'yan hotunan da ba su fi ƙumba girma ba. Ni da opa muna shan shayi. Can sai ta buga tebur da tafin hannu. Muka matso.

A cikin fim ɗin dodon da ya haɗiye jirgi, tsakanin ɗaruruwan hotuna masu kama da juna, akwai guda ɗaya da ya bambanta. Hannun Turdiali ne a ciki, ya naɗe hannun riga, babban yatsansa a ƙarƙashin haɓar dodon. Ranar ya danna maɓalli kafin ya janye. A majigi abin yakan wuce kafin ido ya kama, shi ya sa duk shekarun nan babu wanda ya taɓa lura.

Mastura ta daɗe tana dubawa. Sannan ta nuna hoton, ta yi alamar almakashi da yatsu biyu. Opa ta girgiza kai ta ce mata da hannu, ba a yanka aikin mutum, sai dai ta tafi da naɗin gaba ɗaya. Mastura ta nannaɗe shi a ɗankwalinta ta sa a jaka, washegari na kai ta tashar jirgi.